Zumar da Na Hana Yayana

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu.

Kun san ni, Ishaya mai baki. Shekara takwas ina fama da ciwon suga, kuma na sha faɗa a tsakiyar kasuwar Shanono cewa likitocin Kano ma sai dai su zo su ɗauki karatu a wurina. Dokata ɗaya ce: mai suga ba shi ba zaƙi. Ko rake na hanga sai na canja hanya. Jiki ya ɗan motsa? A tato shuwaka. Wadda na sha kaɗai ta isa ta cika rijiya.

Yayana Dauda shi ma ciwon gare shi. Da daminar bara muna noman gero, ya haɗiyi ƙwayar maganinsa bai karya kumallo ba, saboda sammako. Da hantsi sai gumi ya keto masa, hannu na rawa, yana magana ba kai. Matarsa Saratu ta sheƙo da kwalbar zuma, tana cewa a asibiti an gaya mata in haka ta faru a ba shi zaƙi. Ni na tare ta. Na ce, "Kashe shi za ki yi?" Na ƙwace kwalbar, muka ɗura masa shuwaka.

A kan babur ya cika, a hannuna, za mu asibiti, ko titi ba mu kai ba.

Da kaka, ranar azumin ikilisiya, na sha ƙwayata na tafi yankan dawa. Gumin nan ya zo. Harshe ya yi nauyi, na zube a kunyar gona. Ina gani, ba na iya magana. A zuciya kawai na ce, Yesu, ka ji tausayina.

Saratu ce ta fara isowa, da kwalbar zumarta a hannu. Ta durƙusa tana shafa mini zuma a dasashi. Kafin a kawo babur na tashi zaune.

A asibiti wata ma'aikaciya ta ce suga ba hawa kaɗai yake yi ba, yana faɗuwa, musamman in an sha magani ciki ba komai. Tana bayani, ni Yaya Dauda nake gani.

Wata biyu ba wanda ya ji dariyata. Na yi ta kuka gaban Ubangiji, har ya ba ni ƙarfin zuwa ƙofar Saratu na durƙusa. Ta daɗe tana share hawaye kafin ta ce ta yafe.

Na gode wa Allah da ya bar ni da rai. Ku dogara gare shi, ku ci abinci kafin magani, ku sa alawa a aljihu.

Ran nan bakina ya fara dawowa, na ce wa Saratu ai ƙarfin jinina ne ya taimaka. Ta dube ni ta ce, "Ishaya, Allah dai ya so ka. Ranar ba ka da bakin hana ni."