Adda a Hannuna, Mama a Bakin Ƙofa

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Fasto, dattawa, iyayena mata, sannunku. Ku samarin baya da kuka fara dariya tun ban buɗe baki ba, na gan ku. Yau dai ba wasa ya fito da Iliya ba.

Bari in fara da tuba. Duk wanda na taɓa ce masa kishin ƙasa ya kai ni soja, ya yafe mini, ƙarya na shara masa. Begila ce ta kai ni. Na gudu daga makaranta a aji uku, ina tura baro a kasuwar Muda Lawal, sai ran nan 'yan badujalar soja suka fito fareti. Na ga wani da farar safar hannu yana busa begila, kumatu kamar ya cusa ƙosai biyu. Na bar baron mutane a tsakiyar hanya na bi su har ƙofar bariki. Ni da tun ina yaro nake kiɗa da tukwanen Mama tana bi na da muciya, ai na ga aikina.

Ranar tantancewa na ce wa sajan, "Oga, ni fa wajen 'yan badujala nake so." Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kwantar da hankalinka, za ka ji kiɗa har ka gaji."

Bai yi ƙarya ba. Begila ko taɓa ta ban yi ba. Bindiga aka miƙo mini, aka tura mu daji can gabas. Abin da na gani ba zan faɗa a gaban yara ba. Na dawo da ƙarfe a cinya, kunnen hagu ya mutu, aka sallame ni.

Na dawo gidanmu a Tirwun, amma kaina yana daji. Abin da ya fi ci mini rai, kiɗan da nake so ya zama abokin gabana. Lahadin farko da na zo sujada, ana buga ganga sai na tsinci kaina a ƙarƙashin benci. Na taso ina dariya, na ce takalmi nake nema. Daga ranar ban ƙara zuwa ba. Na kama shan ƙwayar tiramol, safe da yamma. Na sa adda a ƙarƙashin katifa.

Mama ta san maganar ƙwaya, amma ba ta san maganar ganga ba, don na rufe ta da barkwanci. Sai ta kai kukanta wajen zumuntar mata. To kun san al'adarku, iyayena. In akwai marar lafiya a gidan ɗayarku, ba kwa zuwa shiru. Zani iri ɗaya, da tulun kiɗa da ganga da caki, tun daga kwanar layi kuke farawa.

Ranar Alhamis ce da yamma, rana ba ta faɗi ba. Ina kwance, na sha abina. Sai na ji dum, dum, dum, yana matsowa.

Jama'a, ni ban ji waƙa ba. Na ji an zo. Ɗakin ya ɓace, warin hayaƙi ya cika mini hanci. Na zaro addar, na laɓe a bayan ƙofa. Ƙarar ta shigo tsakar gida. Na ji takun mutum ɗaya ya ware, yana nufo ɗakina.

"Iliya, fito, ka yi baƙi."

Na ji muryar, amma ban gane ta ba. Na ɗaga addar da hannu biyu. Ƙofar ba ta da sakata. Ta fara buɗewa.

Ban san daga ina maganar ta fito ba, ni da na daɗe ban yi addu'a ba. Na ce, "Yesu, riƙe hannun nan." Shi ke nan addu'ar, ba ƙari.

Sai kunnen nan guda da ya rage mini ya kama wani abu. Tulun yana makara! Ganga ta buga, waƙa ta wuce, sannan tulu ya biyo baya yana haki. Na ce a raina, babu bindigar da ke yin haka. A duk Bauchi mutum ɗaya na sani da ke bin waƙa a baya kamar mai bin motar da ta tashi: Mama Rifkatu, mai tulun zumunta. Mama Rifkatu, ki yafe mini, tun muna yara muke gulmar kiɗanki. Ashe Allah ajiye shi ya yi domina!

Ɗakin ya dawo. Na ga ɗankwali ya leƙo, daidai ƙarƙashin addar. Uwata ce.

Ta ɗaga ido ta gani. Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Iliya, ba ni." Hannuna ya ƙi buɗewa. Ita ta riƙa ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, matan suna ta waƙa a waje, ba su san kome ba. Ta ɓoye addar cikin zaninta, ta leƙa ta ce, "Ku ajiye kiɗan, mu yi addu'a kawai."

Na zube ina kuka kamar ɗan yaye. A wurin na faɗa musu kome, har da maganar benci. Washegari Fasto ya kai ni wajen likitan ƙwaƙwalwa, har yanzu ina zuwa, ba na jin kunyar faɗa. Damina biyu ke nan ƙwaya ba ta shiga bakina ba. Haleluya!

Ban ce na warke tas ba. Kun ga har yau kusa da ƙofa nake zama. Amma yau an buga ganga daga farko har ƙarshe, ina zaune, har ƙafata tana bi.

In kana da wanda ya dawo daga daji yana ta ba ku dariya, ka zauna ka tambaye shi abin da yake ji. Kai kuma ɗan'uwana soja, ka yi magana. In addu'a mai tsawo ta gagare ka, ka kira sunan kawai, yana ji.

Mama, don Allah tashi su gan ki. Ga ta nan, jama'a, da ranta. Na gode wa Yesu da ya riƙe hannuna. Ku dogara gare shi, zai riƙe naku. Amin.