Hannun da ya gyara mana famfo

Salamu alaikum ɗana mai gabatarwa. Kacici-kacici: wa ya gyara mana famfo, alhali ba ya da kujera a majalisa?

Maigidana konseye ne, wato kansila, a kwaminmu, ƙaramar hukumarmu ke nan, wajen Gazawa. Ran zaman majalisarsu na bi shi. Ana gardama: famfonmu za a gyara, ko rumfunan kasuwa? Shi rumfa yake so, can yake hira. Da aka zo ɗaga hannu don famfo, ƙuri'a ɗaya ta rage, tsohon nawa kuwa gyangyaɗi yake. Sai ya kai hannu sama yana korar wani baƙo daga hancinsa, aka ƙirga da shi, famfo ya yi nasara.

Yanzu cewa yake, "Don gwiwoyinki na yi, Hajiya, ki huta da zuwa nesa ɗiban ruwa." Ni kuwa godiya nake. A gaishe min shi, yana saurare.

Mai gyaran dai ƙuda ne.