Wane Teku Za a Kai Inna

MAIJIDDA: Salamu alaikum. Yaya Safara'u, kina ji na?

SAFARA'U: Wa alaikumus salam. Wa ke magana? Tsaya in fita, ɗakin nan ba sabis sai mutum ya je gindin rumbu. Yauwa. Maijidda ce?

MAIJIDDA: Ni ce, Yaya. Ina wuni?

SAFARA'U: Lafiya lau, 'yan birni. Yau an tuna da mu ke nan. Ya Rijiyar Zaki? Ya maigidan, ya Al-Amin?

MAIJIDDA: Duk lafiya. Ya naku yaran? Ya ruwa?

SAFARA'U: Ruwa ya yi gyara. Shekaranjiya aka kwarara shi, jiya duk gari aka fita shuka. Ni bayana kamar ba nawa ba.

MAIJIDDA: Sannu. Ya Yaya Sani da iyalinsa?

SAFARA'U: Suna nan, ana maneji.

MAIJIDDA: Inna fa? Ya ƙafar?

SAFARA'U: Da sauƙi. A gidanta ma kika same ni, na zo yi mata daka. Ta shiga ta kishingiɗa. In taso ta?

MAIJIDDA: A'a, bar ta, ke nake nema. Shawara ce.

SAFARA'U: Ni? Mai digiri ke neman shawarar mai taɓarya? To, Allah ya sa alheri.

MAIJIDDA: Baban Al-Amin ne zai samu hutu a wajen aiki wata mai kamawa. Ya ce in zaɓi inda za mu je bakin teku, kwana biyar ko shida.

SAFARA'U: Bakin me?

MAIJIDDA: Teku, Yaya. Ya ce ko Legas, ko Kwatano, ko Banjul, ko Zanzibar.

SAFARA'U: Zamfara? Wane teku ne a Zamfara? Ku da hankalinku, a wannan zamanin?

MAIJIDDA: Zanzibar na ce. Wani tsibiri ne, can gabas. Yashinsa fari ƙal, ga bishiyoyin kwakwa, kuma mutanensa Musulmi ne, ana jin kiran salla har bakin ruwa.

SAFARA'U: Ikon Allah. Mu muna nan muna binne iri, ku kuna zaɓen yashin da za ku kwanta a kai. In yashi kike so ki zo rafin bayan gari, kyauta ne, har da ƙaya.

MAIJIDDA: Yaya, ki bar tsiya ki saurare ni. Legas ta fi kusa, amma hayaniya ta yi yawa, bakin ruwan cike yake da kiɗa da masu doki. Kwatano kuma ba ma jin yarensu. Banjul an ce ba cunkoso, abincinsu ma shinkafa ce da kifi, tsoho zai iya ci. Zanzibar sai an yi fasfo, ga doguwar tafiya a jirgi, ban sani ba ko ƙafarta za ta ɗauka.

SAFARA'U: Ƙafar wa?

MAIJIDDA: Ta Inna. Da ita nake so mu je.

SAFARA'U: Wace Innar? Tamu? Inna Hure da ko bas ɗin Kano ta shiga sai ta yi amai kafin a kai Bichi? A tsakiyar damina? Ke, Maijidda, ni na goya ki. In kina zagaye-zagaye muryarki sirancewa take yi. Me ya faru?

MAIJIDDA: Babu komai, hutu ne kawai.

SAFARA'U: Ƙarya kike yi. Mijin naki Kamaruddeen da ko sallar layya sai an roƙe shi yake kawo ki Tsanyawa, shi ne zai ɗauki suruka zuwa kallon ruwa? Faɗi.

MAIJIDDA: Ke kaɗai ce a wurin?

SAFARA'U: Ni da awaki. Ina ji.

MAIJIDDA: Kin tuna Ado ɗan Zakirai, wanda suka tafi Libiya tare da Naziru?

SAFARA'U: Me? Kina yankewa. Ado ya yi me?

MAIJIDDA: Ya dawo, Yaya. Kwana tara ke nan. Ya yi ta tambaya har aka kawo shi gidanmu.

SAFARA'U: Ya dawo? To ina ƙaninmu? Tare suke? Maijidda, ina Naziru?

MAIJIDDA: Shi kaɗai ya dawo.

SAFARA'U: Ki yi magana mana.

MAIJIDDA: Ya ce jirgin roba aka zuba su, sun fi mutum ɗari, za su ƙetara Turai. Rana ta biyu da hantsi ƙasan jirgin ya yage. Ya ce ya riƙe hannun Naziru har hannun ya suɓuce, kuma a gaban idonsa ya nutse. Su goma sha ɗaya aka tsamo aka mai da Libiya, can ya yi shekarun nan tsakanin kurkuku da bauta. Ya dafa Alƙur'ani, Yaya. Baban Al-Amin bai ma ce ya dafa ba.

SAFARA'U: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe tun shekarar da ya tafi.

MAIJIDDA: Tun shekarar.

SAFARA'U: Shekara bakwai. Allah ya jiƙan ka, Auta. Tsaya in zauna.

MAIJIDDA: Ki yi a hankali kada ta ji.

SAFARA'U: Kwana tara kina riƙe da wannan? Kika kira ni kina min zancen kwakwa?

MAIJIDDA: Ban san ta inda zan fara ba. Kwana tara ban ci abinci na ji ɗanɗanonsa ba. Kin san Inna. Sau nawa Liman ya zo ya ce a yi wa Naziru sallar gawa ko ba gawa? Me ta ce masa?

SAFARA'U: Ta ce ba a yi wa mai rai salla.

MAIJIDDA: Ta ce yaron da ke ƙetare tafkin gari da ninƙaya ya dawo bai huta ba, ruwa ba ya cin sa. A ranta teku tafki ne da ya ɗan fi namu. In na kawo mata Ado, cewa za ta yi ai ya fita ta ɗaya gaɓar. Shi ya sa na ce ta gani da idonta. Ta tsaya ta duba, ta rasa ɗaya gaɓar, sannan in gaya mata. Gani ya kori ji.

SAFARA'U: Wannan dabarar taki ce ko ta mijinki?

MAIJIDDA: Tawa ce. Shi dai ya ce in zaɓi wuri.

SAFARA'U: To boko ya cuce ki. A ina kika taɓa jin an kai uwa yawon buɗe ido don a gaya mata mutuwar ɗanta? Mutuwa a gida ake faɗinta. Manya su zo, a shimfiɗa tabarma, Liman ya yi nasiha, maƙwabta su shigo su kama ta in ta faɗi. Ke kuma sai ki kai ta cikin Turawa masu yawo da ɗan kamfai, ki ce Inna ga abin da ya ci ɗanki? In ta yanke jiki a can wa zai taya ki ɗaukarta? Wa zai zo mata gaisuwa, masu sai da kwakwa?

MAIJIDDA: An yi ta manyan ai. Sau uku ana shimfiɗa tabarmar nan, tana naɗewa.

SAFARA'U: Da ba shaida. Yanzu akwai.

MAIJIDDA: In ta ƙi shaidar fa? Mu ƙara shekara bakwai? Yaya, jiya gonar wa aka fara shukawa?

SAFARA'U: Kin sani ai.

MAIJIDDA: Ki faɗa.

SAFARA'U: Kason Naziru. Da sandarta ta je ta tsaya a kan Yaya Sani, sai da ya gama na Auta kafin ya taɓa nasa. Kamar kowace shekara.

MAIJIDDA: In an girbe kuma a zuba a rumbunsa a liƙe.

SAFARA'U: Ga ni zaune a gindinsa. Damman shekarar farko sun zama gari, gara ta gama da su. In kika kara kunne kina jin ƙwari suna ci. 'Ya'yan Yaya Sani tara, tun watan jiya suka koma ci sau biyu, kuma ba mai ikon zare ko zangarniya ɗaya, wai abincin Auta ne in ya dawo. Ranar da matarsa ta yi maganar, sati biyu Inna ba ta amsa gaisuwarta ba.

MAIJIDDA: To kin gani. Ni ba jin daɗi zan je yi ba. Tsoron ruwan ma nake ji yanzu, ko a talabijin na gan shi sai in kashe. So nake ta yarda, a yi masa salla, ya samu addu'ar da ake wa mamaci. Shekara bakwai muna roƙa masa dawowa lafiya, ba wanda ya taɓa cewa Allah ya jiƙansa sai ke yanzu.

SAFARA'U: Kin ɗaure ni da wannan. Amma ki sani, jiran nan ne yake tashinta da safe. Ranar kasuwa tun hantsi take zama a bakin hanya tana duba masu sauka daga bas. In kika cire mata shi, ban san me zai rage ba. Ina jin tsoro, wallahi.

MAIJIDDA: Ni ma. Shi ya sa nake son wuri mai shiru. Ina ganin Banjul. Ko ke ma ki zo, mu biyu mu riƙe ta.

SAFARA'U: In bar noma in tafi... Tsaya.

MAIJIDDA: Yaya? Kin yanke?

SAFARA'U: Inna, ai na ɗauka barci kike yi. Tun yaushe kike bayan rumbun nan? Ki zauna, ga kujera. Inna, ki zauna mana. Ba kowa ba ce, Maijidda ce, gaisuwa ta kira.

MAIJIDDA: Yaya, kada ki ba ta. Katina ma ya kusa ƙarewa, ki ce zan sake kira.

INNA: Ta ina ake magana a abin nan? Nan? Maijidda.

MAIJIDDA: Na'am, Inna. Ina wuni? Ya ƙafa?

INNA: Ƙafa tana nan. Akuya na fito in ɗaure, na ji yayarki tana salati, na ji ta ce Allah ya jiƙan Auta. Wa ya ba ta izini?

MAIJIDDA: Inna, ki bari in zo gobe da safe, mu zauna da su Liman.

INNA: Ban tambaye ki Liman ba. Yaron nan na Zakirai da suka tafi tare, shi ne ya dawo?

MAIJIDDA: Shi ne.

INNA: Ji ya yi, ko gani?

MAIJIDDA: Gani ya yi, Inna. Yana riƙe da hannunsa.

INNA: To. To. Safara'u, ki daina wannan kukan, ba na jin abin da take faɗa. Maijidda, na ji ana ta zancen za a kai ni wani wuri.

MAIJIDDA: Na so ne ki ga ruwan da idonki. Ki yafe ni, Inna.

INNA: Wurare nawa ne?

MAIJIDDA: Huɗu. Legas, Kwatano, Banjul, da Zanzibar.

INNA: A cikinsu wanne ne yake? Can za ki kai ni. Zan shiga motar, ko zan yi amai har mu je.

MAIJIDDA: Babu ko ɗaya, Inna. Nasa ruwan daban ne, yana can arewa, bayan hamada. Ba za mu iya zuwa ba.

INNA: Kika zaɓo huɗu, babu nasa a ciki.

MAIJIDDA: Babu.

INNA: To me zan je in gani? Ki bar wa mijinki hutunsa. Abu ɗaya zan tambaye ki, ke da kika yi karatu, kuma kada ki lallashe ni. Ubanku da aka sa a ƙasa, an kwantar da shi ta hannun dama, an juya fuskarsa gabas. A cikin ruwan nan, wa yake juya mutum ya kalli gabas?

MAIJIDDA: Inna, malamai sun ce wanda ruwa ya...

INNA: Ina ji. Sun ce me? Maijidda? Maijidda, sun ce me? Safara'u, karɓi abin nan, ta yi shiru.