Sunan da Mai Aski Ya Riga Ni

A bencin jira na ofishin rajistar kamfanoni, wani saurayi mai haɗa turare ya zauna kusa da wata dattijuwa.

"Ɗana, irin wannan ajiyar zuciya haka? Sun ƙi sunan ne?"

"Sun ƙi, Inna. Wai kamfani biyu ba sa cin suna ɗaya, kuma wani ya riga ni."

"To ka sake wani mana."

"Sunan da nake kiran budurwata ne. Ni na ƙirƙiro shi, na ɗauka daga ni sai ita muka sani."

"Ƙila dace aka yi."

"Haka na lallashi kaina, har ma'aikacin ya nuna mini adireshin. Shagon askin ƙofar gidansu ne. Can nake aski, Inna. Ina karanta masa waƙoƙin da na rubuta mata, aska a wuyana, yana cewa in maimaita."

"Ashe a bakinka ya tsinta. Kwantar da hankalinka."

"Na so in kwantar. Amma a cikin masu kamfanin, sunanta ne na biyu."

Dattijuwar ta gyara mayafi.

"Kai ma ka sa ta a naka kamfanin? Me ka ba ta a yarjejeniyar?"

"Rabin kamfanin. A wurin sharaɗin rabuwa na rubuta 'har abada', lauya ya soke."

"Wannan lauyan ka riƙe shi da kyau. Ita kuma ka cire ta."

"Ita zan iya, Inna, ina kuka ina cirewa. Mai askin ne damuwata. Duk unguwar babu mai iya gyara mini gemu kamarsa."