Dashen Tumatir a Plovdiv

A kasuwar Plovdiv da ke ƙasar Bulgariya, Clive, wani dattijo ɗan Ingila da ya tare a garin kwanan nan, ya tsaya gaban Stoyanka, wata dattijuwa mai sayar da dashen tumatir.

"Bawan Allah, namu na gudu ƙasarku, kai kuma ka kwaso kaya ka taho nan. Me ka biyo?"

"Rana. Can kullum ruwa."

"Ranar tana taya ka hira?"

Clive ya yi murmushi. "Tun rasuwar matata gidan ya yi mini girma."

"Allah sarki. Ɗana Plamen yana Leeds, can ƙasarku. Duk Lahadi yakan kira, wai lafiya lau, ya yi abokai. Kai da ka san wurin, gaskiya yake faɗa?"

"Ni ma haka nake gaya wa 'yata."

Ta dube shi da kyau.

"Ran Lahadi ka zo gidana, bayan cocin nan, ka sha miyar wake. Har yau ta mutum biyu nake dafawa."

"In taho da me?"

"Da bakinka. In Plamen ya kira, kai za ka tambaye shi. Ni ya saba yi mini ƙarya."