Malam Mu'azu da Kwamfutocin da Ya Hana a Taɓa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Ranka ya daɗe wakilin uban ƙasa, Allah shi ƙara girma. Malamanmu, limaman Jega da Aliero da Maiyama, Allah shi gafarta maku. Iyayenmu masu unguwanni da dattawan da sunka taso tun daga Fagada da Birnin Malam da Gumbin Kure, sannunku da hanya. Shugabannin makarantu da malamai abokan aikin marigayi. Hajiya Mairama, matar marigayi, wadda ke ciki tare da mata tana jin mu ta lasifika. Hafizu, babban ɗa, da ƙanwarka Mufida da sauran ƙannenku. Tsofaffin ɗalibai da kunka shirya wanga taro na addu'a da tunawa. Assalamu alaikum warahmatullah.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Alhaji Atiku na Aliero, mai albasa. Aji biyar na yi a sakandare, daga nan sai tasha. Ba wanda ya ɗora ni, da kaina na ɗauki buhu, yau kuma motocina har Legas suna sauke kaya. Na faɗi haka ne don ku gane cewa wanda ke gabanku ba mai saurin sakin ra'ayinsa ba ne. Ina jin dalilin da ya sa yaran nan sunka zaɓe ni ke nan: duk garin nan ba wanda ya yi gardama da Malam Mu'azu kamar ni, kuma in ka cire iyalinsa ba wanda zai yi kewarsa kamar ni.

Kowa ya biyo ta bayan kasuwa yau ya ga ɗakin kwamfutarsa da kwado. Tun ranar da munka kai shi makwanci ba a buɗe ba, jarabawar shiga jami'a kuwa ta matso, kuma iyali suna shawarar abin da za a yi da ɗakin. Zan zo ga wannan. Ku bar ni in fara da mutumin.

Ya kasance malamin lissafi a makarantar gwamnati, kuma da yawa daga cikinku da ke sanye da manyan riguna yau kun sha allinsa a goshi. Ya kasance mutum mai sanyin magana, wanda in ka ɗaga murya sai shi rage tasa har kunya ta kama ka. Ya kasance, a lokacin da anka ce jarabawa za ta koma kan kwamfuta, shi ne na farko da ya tambaya: to, ɗiyan ƙauye fa? Mu muna ta murnar ci gaba, shi yana tunanin yarinyar Fagada wadda ba ta taɓa zama gaban kwamfutar tebur ba. Ya nemi tsofaffin kwamfutoci, ya kwashe kayan ɗakin gidansu na gado, ya jera benci. Haka ɗakin ya samu.

Da na ga abin da yake yi sai na ce ni ma zan sa hannu, kuma ni in zan yi abu ba na yin na baya. Lokacin an fito da sabuwar manhaja, wadda fuskar kwamfuta ke cika da akwatuna masu launi kamar waya, ka taɓa gilashi da yatsa abu ya buɗe. Na gani a Legas, ta burge ni. Na ɗauko sababbi cikin kwali, masu babban gilashi, na sa a bayan motar da ta sauke albasa, na kawo Jega. Na ce, "Malam, zubar da ɓerayen nan naka." Haka yara ke kiran maus, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur. Na ce, "Duniya ta koma yatsa."

Ya yi godiya wadda har yau nake jin daɗinta. Sannan ya zagaya su, ya ce, "Alhaji, bari mu ga yadda za su zauna da mutanenmu."

Ranar buɗe sababbin kwamfutocin an taru. Cikin baƙi akwai Baba Jibrilla na Gumbin Kure, Allah shi jiƙansa, dattijo mai karatun allo wanda jikokinsa ke zuwa ɗakin. Don a girmama shi, Malam ya buɗe masa shafin addu'o'i da Larabci a kan ɗaya daga cikin nawa. Kun san yadda munka koyi karatu: yatsa a kan layi, daga dama zuwa hagu. Baba ya gyara tabarau, ya ɗora yatsa a gefen dama, ya ja. Sai wani baƙin shafi ya zamo daga gefen ya rufe rubutun. Ashe a wannan manhaja, in ka ja yatsa daga dama, umarni ka ba ta. Ya janye hannu, anka gyara, ya sake bisimilla, ya sake ja. Ta sake rufewa. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Alhaji, wagga aba taka ba ta son a karanta ta?"

Na ce, "Baba, kada ka taɓa, da ido za ka bi."

Ya ce, "Kai da kac ce ta taɓawa ce? In taɓa ko in bari?"

Aka yi dariya, har da ni. Malam Mu'azu murmushi kawai ya yi, amma na ga yana kallon hannun dattijon.

Da na dawo daga wata tafiya na leƙa ɗakin, sai na tarar kowace kwamfuta tawa an sa mata maus da kibod, wato allon danna haruffa. Na taɓa gilashi, shiru. Na taɓa na gaba, shiru. Ya kashe taɓawar duka, ya bar guda ɗaya a kusurwa. Jama'a, ba zan ɓoye maku ba, raina ya ɓaci. Na ce, "Malam, na kawo maka doki ka mai da shi jaki?"

Ya ce, "Zauna nan, Alhaji." Ya zaunar da ni gaban wadda ya bari, ya ce in miƙa hannu in yi ta taɓa abin da zai faɗa. Ba a jima ba kafaɗata ta fara tsami. Ni da na yi shekaru ina ɗaukar buhu! Ya ce, "Waya a tafin hannunka take, kana kallon ta ƙasa. Wannan tsaye take, nesa da kai. Yaron da zai zauna yana rubutu tun safe, hannunsa a sama zai wuni?"

Sai ya nuna mani bencin yara. Kwamfuta ɗaya, yara uku ko huɗu. Ya ce, "Dubi yadda suke magana." Na duba. Wannan ya kai yatsa ya ce nan ne, wancan ya kai nasa ya ce a'a, can ne. Ya ce, "Mu da nuni muke koyo. Waya ta mutum ɗaya ce, wannan kuwa ta taro ce. In kowane nuni ya zama umarni, mai rubutu bai gama layi ba an goge masa." Ya ƙara da wadda ta fi damunsa: a ɗakin jarabawa maus za su tarar da kibod. Ya ce ya taɓa ganin yaro mai ƙwazo ya zauna yana danna gilashi da yatsa, yana jiran abu ya motsa, lokaci na tafiya, kunya ta hana shi tambaya.

Na saurare shi har ƙarshe, amma ban sallama ba, kuma ku shaida har yau ban sallama duka ba. Na ce masa, mahaifiyata ba ta san harafi ko ɗaya ba, in ka ba ta maus juya shi za ta yi tana neman bakinsa. Amma ta taɓa hoton jikanta da yatsa ya buɗe, ta yi kuka don murna. Na ce manoman da ke zuwa duba hoton cutar albasa, hannunsu ya saba da kwashe na noma, ba za su koyi jan 'yar kibiyar maus a gilashi ba. Su ba mutane ba ne? Ya ce, "Don su na bar ta kusurwa." Na ce, "Ɗaya tak?" Ya ce, "Su leƙowa suke yi su tafi. Yara zama suke yi."

Haka munka yi shekaru. Duk ranar kasuwar Jega in na gama da dillalai, sai in biya in zauna a bakin ƙofarsa. Shi ce, "Sarkin yatsa ya iso." In ce, "Ina kwana, makiyayin ɓeraye?" Mu sha shayi, mu koma kan maganar jiya kamar ba mu taɓa yin ta ba. Ko da masu manhajar sunka sake fasali daga baya, sunka dawo da tsarin da ya fi dacewa da maus, bai zo ya yi mani dariya ba. Ni na kai masa labarin da kaina, ya ce, "To, su ma sun zauna gabanta kafaɗarsu ta yi tsami."

Ya kasance ba ya gardama don ya ci. Wannan na tabbatar da shi lokacin da ciwo ya same shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannun da ya koya wa garin nan riƙon maus ya kasa riƙe shi. Mun ɗauka ya gama da ɗakin. Sai ya aika aka kira kafinta, aka yi katako mai gangare, aka ciro kwamfutar kusurwa aka kwantar da ita kamar yadda ake ɗora allo a cinya. Da yatsan hagu ɗaya ya ci gaba da shirya wa yara tambayoyi, Mufida tana zagaya benci tana gyara masu hannu. Na shigo na gan shi, na ce a raina yau na ci. Kafin in buɗe baki ya riga ni. Maganarsa ta yi nauyi lokacin, amma na ji shi sarai. Ya ce, "Alhaji, abarka tana da kyau. Kwance take so, kusa da mutum, kuma mutum ɗaya." Ya nuna yara da haɓa: "Waɗancan kuwa a bar masu ɓerayensu."

Ban san wanda ya ci ba. Na dai san na fita waje na daɗe kafin in iya komawa ciki.

Jama'a, mu mutanen Jega da Aliero da Maiyama mun ci moriyar bawan Allah nan. A cikinmu akwai ma'aikaciyar jinya, akwai malamin makaranta, akwai mai aikin banki, waɗanda hannunsu ya fara nutsuwa a kan bencinsa. Ya kasance yaron ƙauye in ya zo da rawar hannu, sai shi ɗora nasa a kan na yaron su ja tare, har kibiya ta tsaya inda ake so. Yau yara sun fi na da sanin waya, gaskiya ne, amma ku tambayi malaman da ke zaune nan: wanda ya ƙware a waya shi ne ya fi saurin kai yatsa ga gilashi ranar jarabawa.

Yanzu ga iyali. Hajiya Mairama, ke kika yi haƙurin ɗakin nan kafin kowa, ke kika dafa wa yaran ƙauye da ba ki san iyayensu ba. Allah shi saka maki, shi ba ki haƙurin wannan rashi.

Hafizu, ɗana, ɗago kai ka dube ni. Na san shawarar da ke ranka, kai da kanka ka faɗa mani, kuma ka yarda in faɗe ta nan. Kana son ka mai da ɗakin shagon waya, don yanzu nauyin gida a wuyanka yake, kuma wurin yana bakin kasuwa. Ba wanda zai zarge ka a gabana. Ni ɗan kasuwa ne, da ni ne a matsayinka, abin da zan hango ke nan. Amma akwai yara daga Fagada da Gumbin Kure da sunka fara koyo a hannun mahaifinka, ba su gama ba, kuma jarabawa ba za ta jira mu gama makoki ba. Don haka ga abin da na zo da shi, a gaban wakilin uban ƙasa da limamai. A jerin shagunana na bakin titi akwai ɗaya da na fitar da kaya daga ciki. Ya fi ɗakin mahaifinka gani ga mai wucewa. Ka shiga ka buɗe shagonka, ba haya, muddin ɗakin can yana buɗe ga yara. Ba kyauta na yi maka ba, musaya ce, kuma ni na ci riba.

Mufida, ɗiyata, ke kika tsaya a bayansa lokacin da hannunsa ya gaza. Kin san aikin. In yayanki da mahaifiyarku sun amince, ki karɓi makulli ki share benci. Ni kuma na yi alkawari, in na zo ranar kasuwa ba zan ce ki kunna taɓawar ba. Zan dai riƙa tambaya.

Na ga Hafizu ya ɗaga hannu, ya amince. Jama'a, kun gani. Alhamdu lillahi. Iyayen yara, ku sanar a ƙauyuka: Asabar mai zuwa a turo su da safe.

Ina godiya ga waɗanda sunka shirya taro, da waɗanda sunka bar gonakinsu da rumfunansu sunka zo, da ku duka da kunka yi haƙuri da dogon bakin mai albasa.

Ya Allah, ga bawanKa Mu'azu ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Duk yaron da ya zauna a ɗakin nan ya koyi abin da zai ci halal da shi, Ka kai ladan ga malaminsa. Ka haɗa kan iyalinsa, Ka sa albarka a shagon Hafizu da hannun Mufida. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin summa amin.

Wassalamu alaikum warahmatullah. Liman, bisimilla, a yi muna Fatiha.