Tawada a Yatsan Mujaheed

"Umma, don mi kinka shafa ma Mujaheed tawada ga yatsa, alhali ba a ɗiga mishi maganin foliyo ba?"

A tashar Goronyo ne na ji wata yarinya ta faɗi haka, ina goye da ɗiyata. Wata dattijuwa ta juyo wajen uwar yarinyar.

"Gaskiya ta faɗi?"

"Don masu rigakafi su wuce mu, Hajiya. Wani likita ya ce ga WhatsApp yana hana haihuwa."

"Mi sunanshi?"

"Bai faɗi ba."

"Raihanata anka ɗiga ma, yanzu ɗiyanta ukku. Wanta da na ɓoye cikin rumbu, har yau da sanda yake tafiya."

Uwar ta lashi bakin gyalenta, ta fara goge yatsan.

'Yar'uwa, ma'aikaci kaɗai tawadar za ta ruɗa. Cutar ba ta duba yatsa.